Allunan Hanya da Katangun Dutse: Tafiya a Yammacin Ailan

Ailan tsibiri ne da ke yamma da Ingila, a bakin Tekun Atlantika. Tun shekarar 1921 aka raba shi biyu: gundumomi 26 su ne Jamhuriyar Ailan a yau, mai babban birni Dublin, sauran 6 na arewa maso gabas kuma suna haɗe da Birtaniya. Wannan takarda ta shafi yammacin Jamhuriyar ne, wato gundumomin Galway da Clare da Mayo, inda ƴan yawon buɗe ido suka fi zuwa kallon teku da duwatsu. Akasarinsu hoto suke ɗauka su wuce. Amma ɗalibin harshe yana da abin karantawa a can tun daga bakin hanya, domin allunan da ke nuna garuruwa da katangun da suka raba gonaki labari ɗaya suke bayarwa.

Daga Dublin zuwa birnin Galway tafiyar kilomita 200 da ƴan kai ce, kamar awa biyu da rabi a jirgin ƙasa. A tsakiyar tafiya, a garin Athlone, ana ƙetare kogin Shannon, wanda ya fi kowane kogi tsawo a tsibirin. Gabas da kogin gonaki manya ne, shanu sun ƙoshi. Da an ƙetara aka nausa yamma sai gonaki su soma tsukewa, duwatsu su soma leƙowa daga cikin ciyawa.

Abu na farko da baƙo zai saba da shi shi ne ruwan sama. A wasu sassan yamma ana samun ruwa kwana 225 a shekara, kuma a kan tsaunuka yana wuce milimita 2,000. Ba irin ruwanmu ba ne mai zuwa da hadari da tsawa ya zuba ya ɗauke. Yayyafi ne mai naci, ya zo ya tafi sau biyar a wuni, har mutum ya rasa ko ya cire rigar ruwa ko ya bar ta. Lema ba ta da amfani sosai, iska ke juya ta. Tsawon rana ma yana rikita baƙo: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma duhu ya yi. Ana tuƙi ta hannun hagu, kuma tun 2005 allunan gudu da kilomita suke, ba mil ba.

Suna biyu a allo ɗaya

Kusan kowane allon hanya a Jamhuriyar yana ɗauke da suna biyu. Na sama, da haruffa masu kishingiɗa, na harshen ƙasar ne, wanda masu shi ke kira Gaeilge. Na ƙasa, da manyan haruffa, na Ingilishi ne. Galway a sama Gaillimh ne. Dublin kuwa Baile Átha Cliath ne, ma'ana garin da ke bakin mashigin ruwa mai shimfiɗar rassa.

Mu lura da wani abu a nan. Sunan Ingilishi da ke ƙasa galibi ba fassara ba ce. Sautin sunan asali ne aka rubuta yadda kunnen mai jin Ingilishi ya kama shi, kuma yawancin waɗannan rubuce-rubuce sun zauna ne lokacin da gwamnatin Birtaniya ta auna tsibirin ta zana taswirarsa, tsakanin 1824 da 1846. Ta haka baile, wato gari, ya koma Bally. Cill, ɗakin ibada, ya koma Kil. Cnoc, tudu, ya koma Knock. Inis, tsibiri, ya koma Inish ko Ennis. Wanda ya riƙe waɗannan kalmomi huɗu, da mór mai nufin babba da beag mai nufin ƙarami, zai iya warware sunaye da dama yana zaune a mota. Ballymore babban gari ke nan, Knockbeg ƙaramin tudu.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Haka Faransawa suka rubuta Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, Tawa ta zama Tahoua, Tasawa ta zama Tessaoua. Bambancin shi ne, mu ko da muna kallon rubutun Faransanci, bakinmu Dogon Dutsi yake faɗa, kuma yaro ma ya san abin da sunan ke nufi. A Ailan kuwa rubutun ne ya rinjayi baki. Mafi yawan mutane sunan Ingilishin suke faɗa, ma'anar kuma sai an waiwaya an nemo ta.

Akwai kalma ɗaya da ta burge ni. Hanya a Gaeilge bóthar ce, kuma tushenta bó, wato saniya. Asalinta ke nan hanyar shanu. Ƙaramarta, bóithrín, ita ce ƴar siririyar hanyar ƙauye mai katanga ko shinge hagu da dama, wani lokaci da ciyawa a tsakiya. Bahaushe na ganinta zai ce burtali. Idan motoci biyu suka haɗu a ciki, dole ɗaya ta ja da baya har inda akwai ɗan fili, kuma direbobin ba sa rabuwa sai kowa ya ɗaga yatsa daga kan sitiyari. Gaisuwar ƙauye ke nan a can, ko an san juna ko ba a sani ba.

Ƙasar duwatsu

Kudu da Galway, a gundumar Clare, akwai yankin da ake kira Burren, daga Boireann, wuri mai duwatsu. Faffaɗan falalen dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi, ya tsattsage kamar busasshiyar fadama. A cikin tsagogin ne furanni da ciyayi ke fitowa. A tsakiyarsa akwai kabarin Poulnabrone, wasu duwatsu a tsaye da wani faffaɗa a kansu, wanda ya haura shekara 5,000.

Makiyayan Burren suna da wata al'ada da ta saba wa ta sauran Turai. A wasu ƙasashe ana hawa da dabbobi kan tsauni da zafi a sauko da su da sanyi. A nan kuwa da hunturu ake kora shanu sama. Dalili kuwa, dutsen yana riƙe ɗumin rana, ruwa ba ya kwanciya a kansa balle ƙasa ta caɓe, kuma maɓuɓɓugan da ke ƙafewa da zafi suna dawowa da hunturu. Shanun suna cinye busasshiyar ciyawa, wannan kuma ke ba furannin sarari idan shekara ta zagayo.

A ƙarshen wannan yanki ƙasa ke yankewa kwatsam a kan teku. Wurin shi ne Moher, katangar dutse da tsayinta ya kai mita 214 a inda ta fi tsawo. A kan ta akwai ƴar hasumiya da wani mai ƙasa, Cornelius O'Brien, ya gina a 1835 domin masu zuwa kallo. Sama da mutum miliyan ɗaya ke zuwa a shekara, saboda haka wanda ke son ganin wurin da natsuwa sai ya yi sammako, kafin manyan motocin ƴan yawo su iso. Akwai ranar da hazo ke rufe komai, mutum ya biya kuɗin shiga ya ji ƙarar teku kawai ya koma. Moher na kan dogon hanyar gaɓar teku mai kilomita kusan 2,500 da hukumar yawon buɗe ido ta ƙaddamar a 2014, daga Donegal a arewa zuwa Kinsale a kudu.

Amma ni katangun gonaki sun fi ɗaukar hankalina. Dutse ne a kan dutse, babu laka babu siminti. Manomi ya tsince duwatsun gonarsa don ya sami wurin shuka, ya jera su a gefe, sai ya sami gona da shinge a aiki ɗaya. Ƙofofin da ake gani tsakanin duwatsun ba kasawar magini ba ce: iskar teku ke bi ta ciki ta wuce, da an toshe da ta ture katangar. A wasu gonakin ko ƙofa babu. Mai shanu ya sauke ƴan duwatsu, dabbobi su shiga, ya mayar. A Disambar 2024 UNESCO ta sa wannan gini na Ailan cikin jerin al'adun gado na duniya.

Tambayar ita ce, me ya tara mutane da yawa haka a ƙasa mai wuyar noma, har kowane ɗan fili sai da aka kewaye shi? Amsar ta soma tun shekarun 1650, bayan yaƙin Cromwell, lokacin da aka ƙwace filayen masu ƙasa ƴan Katolika aka tura su yamma da Shannon. Daga baya dankalin Turawa ya ba talaka damar ciyar da iyali daga ƴar gona kaɗan. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, gonaki na ta rabuwa. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8.

A 1845 wata cutar funfuna ta faɗa wa dankalin, ta riƙa dawowa shekara bayan shekara. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun mutu, sama da miliyan 1 sun yi ƙaura, akasari zuwa Amurka da Kanada da Birtaniya. Har yau tsibirin bai koma yawan mutanen 1841 ba; yanzu sun ɗan haura miliyan 7. Matafiyi zai ga tabon wannan yunwa da idonsa. A jikin tuddan Connemara da Mayo, inda yanzu tumaki kawai ke kiwo da shuɗin fenti ko ja a gadon baya, akwai tsofaffin kunyoyin dankali da ciyawa ta rufe, suna fitowa sarai idan rana ta karkata. Akwai kangaye marasa rufi. A kwarin Doolough akwai dutsen tunawa da ɗaruruwan mayunwata da suka taka daga Louisburgh a watan Maris na 1849 don a duba su a ba su agaji, wasunsu suka mutu a hanya.

Inda harshen ya rage

Waɗanda yunwar ta fi kashewa ko ta kora su ne talakawan yamma da kudu, kuma su ne masu magana da Gaeilge. A ƙidayar 1851 masu jin harshen sun kai kimanin miliyan 1 da rabi, daga nan adadin ya yi ta faɗuwa. Iyaye sun ga cewa ɗan da zai je Amurka Ingilishi yake bukata. Makarantun gwamnati da aka soma a 1831 da Ingilishi suke koyarwa. A wasu wurare ana rataya wa yaro ɗan itace a wuya, duk lokacin da ya yi harshen gida a yi masa tsaga, a hore shi gwargwadon yawan tsagar. Iyayenmu da suka rataya sambol a lakkal ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

A yau tsarin mulkin 1937 ya ce Gaeilge ne harshen hukuma na farko, ana koyar da shi a makarantu, kuma tun 2007 yana cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1 da dubu 900 suka ce suna iya shi. Amma masu amfani da shi kullum a wajen makaranta kimanin 72,000 ne kawai. Yankunan da har yanzu harshen gida ne ana kiran su Gaeltacht, kuma mafi girmansu yana yamma da birnin Galway, a gaɓar Connemara. A nan gidan rediyon harshen yake tun 1972, da gidan talabijin ɗinsa, TG4, wanda ya soma aiki a 1996.

Da an shiga Gaeltacht sai sunan Ingilishi ya ɓace daga allo. Géill Slí na nufin ba da hanya, Go Mall na nufin a hankali. A ƙofar makewayi za a ga Fir da Mná. Baƙi da yawa suna ganin harafin M su ɗauka na maza ne, alhali Mná mata ke nan, Fir ne maza.

Wannan cire Ingilishi daga allo bai tafi salin alin ba. A 2005 doka ta soma aiki wadda ta bar sunan Gaeilge kaɗai a yankunan Gaeltacht. Garin Dingle na gundumar Kerry, can kudu, ya wayi gari ana kiran sa An Daingean. Masu otel da shaguna suka ce baƙi suna ɓata a hanya, kuma da sunan Dingle duniya ta san su. Aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2006, mafi rinjaye suka zaɓi suna biyu, aka gyara dokar a 2011. A ganina kowane ɓangare yana da hujja. Kuɗin ƴan yawo ne ke riƙe matasa a ƙauye, kuma idan babu matasa babu mai gadon harshen. Amma ƴan yawon da Ingilishi suke zuwa.

Daga tashar ruwa ta Ros an Mhíl, jirgi yana kai mutum tsibirin Inis Mór cikin minti 40 ko makamancin haka. Shi ne babba cikin tsibiran Aran guda uku. A nan wasu gonakin ƙasarsu ma haɗa ta aka yi: yashi da ciyawar teku aka riƙa ɗaukowa a kwando ana shimfiɗawa a kan falalen dutse har ya zama abin shuka. Baƙi suna hayar keke su je Dún Aonghasa, wata tsohuwar ganuwar dutse da ke bakin ramin teku, ba shinge ba komai, har wasu sai sun kwanta rub da ciki kafin su leƙa.

A shagunan tsibirin za ka ji mutanen gari suna hira da Gaeilge, kana shiga su juya zuwa Ingilishi don kada ka ji an ware ka. Ladabi ne, amma ɗalibin da ya zo koyon harshe sai ya dage kafin a bar shi ya gwada bakinsa. Gaisuwar ita ce Dia duit, wato Allah ya kasance tare da kai, amsar kuma Dia is Muire duit, an ƙara sunan Maryamu a kai. Godiya go raibh maith agat ce, kuma rubutun ya fi furucin tsawo nesa ba kusa ba. Da yamma, musamman idan sanyi ya shigo, wani ƙamshin hayaƙi yana tashi daga gidaje a nan da can Connemara. Baƙar ƙasar fadama ce, móin, wadda ake yankowa kamar tubali a shanya ta bushe a hura wuta da ita, domin itace ya yi ƙaranci a yankin. Tun Oktoban 2022 an hana sayar da ita a shaguna saboda gurɓata iska, amma mai haƙƙin yanka a fadama yana iya yankar ta gidansa.

Jirgin ƙarshe na komawa yana tashi da yamma, kuma idan teku ta yi fushi ana iya soke shi, mutum ya kwana a tsibirin ko bai shirya ba. A bakin fita daga ƙauyuka da yawa na yamma akwai allo mai kalma biyu, Slán abhaile, wato a sauka gida lafiya.