Littafin koyon kwamfuta: A gwada shi da na'ura kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya san kasuwannin da ke bakin babbar kwaltar da ta ratsa Jihar Maraɗi, daga Gidan Rumji ta yamma har zuwa Agye da Gazawa ta gabas, ya san cewa rabin cinikinmu a kan bashi yake tafiya. Buhun aya, tiyar wake, jarkar man gyaɗa, duk a wani tsohon kundi ake rubuta su, ko kuma a bar su a ka. Ranar da ruwa ya jiƙa kundin, ko gara ta ci shi, ranar ce rigima ke tashi tsakanin aminai.

Wannan ne ya sa wasu daga cikinmu suka fara sayen 'yar kwamfuta ta hannu, yawanci wadda aka riga aka yi amfani da ita, don adana lissafi. To amma sau da yawa sai ka tarar an lulluɓe ta da zane a saman kabad, an bar wa yara suna kallon fim, littafin koyon da aka saya tare da ita kuma ya zama maficin zafi. Laifin ba na ƙwaƙwalwar mai ita ba ne. Littafin ne bai dace da na'urar ba.

Irin waɗannan littattafai na 'yan koyo sun yi suna ne daga Amurka, inda a 1991 aka buga DOS for Dummies, wato jagora ga wanda bai san komai ba. Faransawa suna da nasu mai suna Pour les Nuls. Kowanne daga cikinsu an rubuta shi ne domin tsari guda na manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma tsarin yana sauyawa kamar yayin atamfa. Windows XP ta fito a 2001, kamfanin Microsoft ya daina kula da ita a 2014. Windows 7 ta bi sahu a Janairun 2020, sannan Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Saboda haka wanda ya sayi littafin XP alhali na'urarsa Windows 11 ce, hotunan da ke shafi daban, abin da ke allo daban. Kafin a sayi littafi, a kunna na'urar, a danna maɓalli mai alamar taga tare da harafin R, a rubuta winver, nan take za ta faɗi sunan tsarinta.

Abu na biyu shi ne harshe, kuma nan ne matsalar ta fi shafar mu mazauna bakin iyaka. Yaranmu da Faransanci suka yi lakkol, littafin da za a samu a Maraɗi ma galibi da shi yake. Amma na'urar da ta shigo daga Kano ko Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa, Ingilishi take ji. Littafi ya ce a danna Enregistrer, allo kuma ya nuna Save. Hatta jerin haruffan ba ɗaya ba ne: na Faransa da AZERTY yake farawa, na Ingilishi da QWERTY. A na Faransa, lambobin layin sama ba sa fita sai an haɗa da maɓallin manyan baƙaƙe. Ga 'yar kasuwar da aikinta duk lamba ne, wannan kaɗai ya isa ya sa ta yi fushi ta rufe.

Na uku, a sani cewa littafin Windows ba ya koyar da lissafi. Yana koya maka gidan ne: ƙofa, ɗakuna da inda ake ajiya. Lissafin riba da bashi aikin wata manhaja ce irin su Excel. Ba sai an haddace shafi ɗari huɗu ba. Babi huɗu sun wadatar: kunnawa da kashewa yadda ya dace, buɗe jaka da sa mata suna, adana aiki, da kwafe shi a filas. Ctrl da S suna adanawa, Ctrl da Z suna mayar da kuskure baya. Da yadda wuta ke ɗaukewa, wanda bai saba da adanawa ba zai yi aikin baban giwa.

Kada wata ta ce girma ya kama ta. A nan Jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tare da hukumar CARE, inda mata da yawa da ba su taɓa shiga aji ba suka riƙe asusu da bashi ba tare da an yi ɓatan dala ba. Yau tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Wadda ta iya wannan, babi huɗu ba za su gagare ta ba, musamman idan ƙungiya ta sayi littafi guda, ta samu ɗalibi yana karantawa yana fassarawa, kowace kuma tana taɓawa da hannunta. Barin komai a hannun yaron shago yana nufin shi ya san masu bashinki da jarinki, ke kuma sai abin da ya faɗa miki.

Kiranmu na ƙarshe ga malamai da masu ɗab'i ne. Tun zamanin Windows 7 Microsoft ya taɓa fitar da fassarar Hausa ta allonsa, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Lokaci ya yi da za a rubuta mana ɗan littafi da Hausa, mai manyan hotuna, mai misali da buhun hatsi da jikar sefa, wanda zai jera kalmar Faransanci da ta Ingilishi gefe da gefe. Kasuwarsa tana nan tana jira. Kafin ya fito, kada a yar da kundin takarda. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.