Masu Liƙa Baƙar Leda a Gilashin Mota: Sana'ar da Ba Ta Son Ƙura

Daga Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan fari ya sauka, zafi a ƙasar Damagaram kan wuce digiri 40. Wanda ya ajiye mota a bakin kasuwar Magarya da hantsi ya dawo da azahar, sai ya naɗe hannu da gefen riga kafin ya iya kama sitiyari. Wannan zafin shi ne jarin masu liƙa baƙar leda a gilashin mota, aikin da a ƙetaren iyaka, a Najeriya, ake kira tintak. Mai wannan sana'a a ƙaramin gari ba kasafai yake dogara da ita kaɗai ba. Yakan haɗa da liƙa sitika, da rigar kujera, da kwalliyar babura, don kada wuni ya wuce hannu bai taɓa kuɗi ba.

Magarya tana kimanin kilomita 90 kudu da birnin Damagaram, kuma hanyarta ta miƙe ta Tinkim zuwa Ɓaɓura a jihar Jigawa, daga nan sai Kano. Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma mai kanta a 2011, ita kuma Maigatari take fuskanta, mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. Saboda haka mai neman kayan mota a yankin nan ya fi duban kudu, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta yi suna. Ledar kuwa daga nesa take fitowa, daga masana'antun Sin da Koriya da Amurka. Kamfanin 3M na Amurka ne ya yi rajistar ledar tare zafin rana a 1966. Tana zuwa a naɗe cikin dogon kwali, babbar tana da faɗin santimita 152 da tsawon mita 30, wadda a hannun mai tattali kan rufe ƙananan motoci wajen goma.

Ba duka ledoji ne ɗaya ba, ko da ido ya gan su baƙaƙe. Mai araha rini ne kawai aka zuba mata, rana tana dukanta sai ta koɗe ta koma shunayya, ta yi ƙuraje. Akwai mai ɗauke da ƙurar ƙarfe, tana mayar da zafi sosai amma takan raunana sabis ɗin waya a cikin mota. Sai ta kabon, sai ta siramik wadda ta fi kowace tsada, wadda ko ba ta yi duhu ba tana tare zafi. Duhun kuma da lamba ake auna shi: lamba 5 na nufin kashi 5 cikin 100 na haske ne ke ratsawa, ita ce baƙa wuluk. Akwai 20, da 35, da 50, har 70 wadda da kyar a gane an liƙa wani abu.

Kayan aikin ba su cika jaka ba: reza mai kaifi, wuƙar yanka mai ɓallewa, robar dannawa, kwalbar fesa ruwa da ɗigon sabulun wankan jarirai, tsumma marar gashi, da bindigar zafi. Abin da ya fi su wuyar samu shi ne wuri marar ƙura. A ƙasar rairayi irin tamu, musamman cikin hunturu, wannan shi ne rabin sana'ar. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta shiga tsakanin leda da gilashi, ta zauna ke nan, fari fat, tana kallon mai mota kullum. Shi ya sa za ka ga yaron shago ya yayyafa ruwa a ƙasa, an sauke labule ko tabarma a ƙofar rumfa, an kashe fanka duk da gumi. Gwanaye sun fi son sassafe, kafin iska ta tashi.

Da wanki ake farawa. A kankare cikin gilashi da reza, a wanke, a sake wankewa, har cikin robar ƙofa inda datti ke ɓuya. A waje ake gwada leda a yanka ta daidai da siffar gilashi, amma a ciki ake liƙa ta. Sai a ɓare siririyar fatar da ke rufe da gam, ana ɓarewa ana fesa ruwan sabulu, a ɗauke ta da hannu biyu a ɗora. Ruwan nan shi ke ba ta damar zamewa har ta zauna daidai. Daga nan a bi ta da roba daga tsakiya zuwa gefe, a kore ruwa da iska.

Gilashin baya shi ke raba gwani da ɗan koyo. Na Hilux kusan a miƙe yake, ba ya ba da wahala. Amma idan aka kawo irin motar nan ta samari, mai ƙofa biyu, gajera har ƙasa, wadda aka ƙera don gudu, gilashin bayanta a kwance yake kuma ya lanƙwasa ta kowane ɓangare. Leda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, da an ɗora ta sai ta tashi da 'yan yatsu a sama da ƙasa. Nan maigida ke karɓar bindigar zafi da kansa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ledar tana tsukewa yana kwantar da ita, kamar yadda tela ke cin yadi a kafaɗar riga har ta bi jiki. Zafi ya yi yawa, ta ƙone. Ya yi kaɗan, ta karye ta bar layi. Ko wanne ya faru, mita guda ta tafi, kuma daga aljihunsa. Bayan haka sai ya lanƙwashe a kujerar baya mai ƙunci ya liƙa, yana kiyaye siraran layukan wuta da ke jikin gilashin, don kada reza ta taɓa su. Wasu daga cikin motocin nan ƙofarsu ba ta da firam, gilashin kan sauka kaɗan duk sanda aka buɗe, sai an yi dabara kada ya kwashe gefen ledar tun tana ɗanya. Masu kasala kan yanka ledar gilashin baya gida biyu ko uku su jera. Aikin da ya amsa sunansa falle ɗaya ne.

Kuɗin aiki ciniki ne, da jakar sefa ko da naira, gwargwadon girman mota da irin leda. Daga ciki ake fitar da kuɗin ledar, da reza da ake canzawa a kai a kai, da man janareta ranar da wutar NIGELEC ta ɗauke, da haya, da harajin patanti, da na abincin yaro. Ciniki kan buɗe da bazara, da gabanin Sallah, da bayan kaka lokacin da 'yan kasuwar riɗi da wake suka ga kuɗi. Da damina sai a hankali. Iyaka ma tana da nata hukunci: bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe ta, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba a buɗe iyakar ba sai Maris 2024. Faɗuwar naira tun 2023 kuwa ta sa mai sefa ya ƙara ƙarfi a kasuwar Kano.

Sai maganar hukuma. Najeriya tana da dokar taƙaita baƙin gilashi tun 1991, kuma a 2025 'yan sandanta sun dawo da ba da takardar izini. A ɓangaren Nijar ma, jandarma a shinge yana son ganin wanda ke cikin mota, kuma a zamanin nan na rashin tsaro ba wanda zai ga laifinsa. Ni a ganina mai sana'ar kirki shi ne wanda idan an ce masa a sa lamba 5 ko'ina, zai ce: «Alhaji, a yi haƙuri, a bar gilashin gaba, a sa mai haske a ƙofofin direba.» Zai iya rasa ciniki ranar, amma ya san hanyoyinmu da dare akwai amalanke marar fitila, akwai shanu da masu tafiya a ƙasa. Duhu ba shi ne sanyi ba. Leda mai kyau lamba 50 ta fi baƙa wuluk mai araha tare zafi.

In ka kai motarka, tambayi irin ledar kafin ka tambayi kuɗi, kuma kada ka tsaya a kan mai aiki kana gaggauta shi. In an gama, ka bar gilashin a rufe kwana uku gam ya kama, ka riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa kawai.