Littattafan da Ke Kulle a Ofishin Hedimasta

A ƙauyukan ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Baure, daga Zango zuwa Mai'adua, ɗan firamare yakan yi karatu sau biyu kafin rana ta take. Da sassafe yana tsugune gaban malamin allo, bayan an karya kumallo kuma ya rataya jaka ya nufi boko. A aji malam zai rubuta jimla da alli, ya nuna ta da sanda, yara su amsa baki ɗaya har muryarsu ta kai bakin hanya. Mai wucewa zai ji daɗi ya ce ana karatu. Amma cikin wannan amshi yaro na iya shafe shekara uku yana bin bakin na kusa da shi, bai taɓa haɗa baƙi da wasali shi kaɗai ba. Littattafai kuwa, inda Allah Ya sa an kawo su, sau da yawa suna cikin kabad a ofishin hedimasta, an danna musu kwaɗo, domin ranar da masu duba makarantu suka zo adadinsu za a tambaya, ba wanda zai tambayi yara nawa suka karanta su.

Abin da ya fi ƙaranci a irin wannan makaranta shi ne lokacin da yaro zai zauna shi da littafin labari, cikin harshen da yake mafarki da shi, ba mai sanda a kansa. Yaro ya zauna ya yi karatunsa shi kaɗai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Makarantar allon da yaron ya baro da safe a kan haka aka gina ta: kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke wa ɗalibi sai ya iya, kuma ba ya jiran ɗan'uwansa kafin a ƙara masa. Bokon ne ya tattara yara ya mai da su murya ɗaya. Tarihin rubutunmu ma shaida ne. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin malami ne a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma an yi ta ne don waɗanda suka koyi boko su sami abin karantawa mai daɗi. Magana Jari Ce ta biyo baya, ta raini manyanmu da yawa. Bayan shekaru kusan hamsin, da littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka cika kasuwa, matan aure da 'yan mata sun riƙa karɓar su haya, suna ba juna aro ta kan katanga, ba malamin da ya sa su, ba jarrabawar da ke jiransu. Duk mai cewa Bahaushe ba ya son karatu, sai ya fara bayyana mana wannan.

Iyaye da dama za su ce sun kai yaro boko ne don ya ji Turanci, kuma da Turanci zai rubuta jarrabawar shiga sakandare, balle in yana hangen kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ko jami'ar sufuri da ke nan Daura. Damuwarsu gaskiya ce, bai kamata a raina ta ba. Sai dai iya karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da idonsa ya saba gudu a kan layin Hausa, ya san cewa rubutu ma'ana yake ɗauke da ita, da wannan sabon zai shiga Turanci. Wanda aka fara masa da harshen da ba ya ji, wahala biyu aka ɗora masa lokaci guda. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna Turancinsu bai ja baya ba. A Jihar Katsina ma shirin RANA da UNICEF ta tallafa wa ya sa koyon karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa. Amma koya wa yaro haɗa baƙi rabin aiki ne. In ya iya, ya waiga bai ga abin karantawa ba sai allon bango, iyawar takan dushe a hutun damina guda, yana can gona ana noman gero.

Hedimasta kuma zai ce littattafan za su yage, wasu su ɓata, kuma shi za a tuhuma. Za su yage kam. Littafin da ya zaga gida ashirin ya dawo bango a cire ya biya kuɗinsa, wanda gara ta cinye a kabad kuwa asara ce tsantsa, ko da yana nan a rajista. Gyaran yana hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma: a daina auna hedimasta da adadin da ya adana, a duba littafin aro, a ga sunayen yaran da suka ɗauka. Masu tsoron littattafan soyayya su ma suna da hujja, amma malami da kwamitin iyaye ne za su zaɓi abin da zai shiga aji, kuma tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da tarihin Annabawa, da labarin Daurama da Bayajida da rijiyar Kusugu sun isa su cika akwati. Abin takaici ne yaron da ake kai wa kallon hawan Sallar Gani ya gama aji shida bai taɓa karanta labarin garinsa da idonsa ba.

Ba sai an jira ginin laburare ba. Akwatin ƙarfe ɗaya a kowane aji ya isa, da rabin sa'a bayan tara wadda ba a rubuta komai a allo, malam ma ya zauna da nasa littafin yara su gan shi. Ranar Juma'a kowa ya tafi gida da guda, ya dawo da shi Litinin. Yarinyar da talla ke hana ta zuwa wasu ranaku, da yaron da ke bin mahaifinsa kasuwar dabbobi ta Mai'adua, su suka fi kowa buƙatar wannan aro, domin darasin da aka yi ba sa nan ya wuce su, littafin kuwa yana cikin jakarsu. Kuɗin akwatin da littattafai talatin bai fi ƙarfin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba, ko ɗan garin da ke aiki a Kano ko Abuja yake zuwa gida da Sallah.