Shirin Musamman: Zama da Iyali a Saudiyya, Lissafin da Ake Yi Kafin a Ɗaure Kaya

Saudiyya na cikin ƙasashen da suka fi ɗaukar ma'aikata daga ƙetare, kuma a cikin waɗannan ma'aikata akwai likitoci, ma'aikatan jinya, malaman jami'a, injiniyoyi da direbobi daga Najeriya, Nijar, Chadi da Sudan. Duk wanda aka kira aiki can, abin da yake fara tambaya shi ne nawa ne albashin. Ga magidanci kuwa, tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: in an tafi da mata da yara, me zai rage a hannu ƙarshen wata? Shirin na yau zai bi wannan lissafi daki-daki, tun daga takardar kwantiragi har zuwa ranar dawowa gida.

Abu biyu ne ke sa albashin Saudiyya ya burge mai jin sa. Na farko, ba a cire harajin albashi. Na biyu, tun shekarar 1986 aka ɗaure riyal da dalar Amurka a kan riyal 3.75 kowace dala, don haka darajarsa ba ta hawa da sauka kamar ta naira, musamman tun watan Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Sai dai abin da gwamnati ba ta karɓa daga albashi ba, tana karɓar wani ɓangarensa ta wasu ƙofofi, kuma mafi yawansu mai iyali suka fi shafa.

Komai daga kwantiragi yake farawa. Yawanci ana raba albashi gida uku: asalin albashi, kuɗin gida, da kuɗin zirga-zirga. A wurare da dama kuɗin gida kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na asalin albashin, wasu wuraren kuma sukan ba da gidan maimakon kuɗi. Kwantiragin kansa iri biyu ne. Akwai na mutum ɗaya, wanda bai san da zaman iyali ba, akwai kuma na mai iyali, wanda kan haɗa da tikitin jirgi na hutun shekara ga mata da wasu daga cikin yara, wani lokaci har da tallafin kuɗin makaranta. Bambancin waɗannan biyun yakan fi ƙarin riyal dubu ɗaya ko biyu a wata tasiri. Ana rajistar kwantiragin ma'aikatan kamfanoni a manhajar gwamnati mai suna Qiwa, kuma abin da ke rubuce a can shi ne hujja. Alkawarin da dillali ya yi da fatar baki a Kano ko Yamai ba ya tsayawa a gaban hukuma.

Bayan isa, mai ɗaukar aiki, wato kafili, shi doka ta ɗora wa fitar wa ma'aikaci katin izinin zama da ake kira igama, da biyan kuɗinsa. Da wannan kati ake buɗe asusun banki, a kama haya, a je asibiti, a sa yaro makaranta. Kawo iyali sai da izini na daban, wanda ya danganta da sana'ar da aka rubuta a igamar da kuma yawan albashi. Saboda dokar ƙwadago ta ba da damar gwajin aiki da zai iya kaiwa kwana 180, masu lura sukan fara zuwa su kaɗai. Sai an wuce gwaji, an samu gida, an ga kamun ludayin wurin aiki, sannan a aika wa iyali takardu.

Babban nauyin da ke bambanta mai iyali da gwauro shi ne kuɗin kai da ake biya wa kowane ɗan rakiya, wato mata ko yaro da ma'aikaci ya kawo. An fara karɓar sa a watan Yulin 2017 daga ma'aikatan ƙetare da ke aiki a kamfanoni masu zaman kansu, a kan riyal 100 a wata ga kowane mutum. Daga nan aka riƙa ƙara 100 duk shekara, har ya kai riyal 400 a watan Yulin 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 a wata ke nan, wato 19,200 a shekara. In albashinsa riyal 8,000 ne, kashi ɗaya cikin biyar ya tafi tun kafin a sayi ƙwayar shinkafa. Ba a sabunta igamar iyali sai an biya, kuma galibin kamfanoni ba sa ɗaukar wannan nauyi sai in an rubuta a kwantiragi. Wannan kuɗi ne ya sa iyalai da dama na 'yan Masar, Sudan, Indiya da Pakistan suka mayar da mata da yara gida bayan 2017.

Sai maganar muhalli. A al'adar ƙasar ba a cika biyan haya wata-wata ba. Ana biyan ta shekara guda ne, ko a raba biyu ko huɗu, kuma ana rajistar yarjejeniyar a manhajar Ejar. Riyadh ce ta fi tsada, har ta kai a watan Satumbar 2025 gwamnati ta dakatar da ƙarin kuɗin haya a birnin na tsawon shekara biyar. Jidda da Dammam na biye, ƙananan garuruwa irin su Jizan, Najran da Ha'il kuma sun fi sauƙi. Baƙo yakan sha mamaki ran da aka miƙa masa mabuɗi: ɗakuna fayau, ba na'urar sanyaya ɗaki sai ramin da za a saka ta a bango, kicin ba kanta, ba murhu, ba firji. Duk wannan a wuyan ɗan haya yake. Shi ya sa sababbin zuwa ke nufar kasuwannin gwanjo, irin su Haraj Bin Ƙasim a Riyadh da Sawarik a Jidda, inda ake samun kayan waɗanda suka gama aiki suna shirin komawa ƙasashensu a farashi mai rahusa.

Na'urar sanyaya ɗaki ba kayan alatu ba ce a can, domin zafin bazara a Riyadh kan haura digiri 45. Kuɗin wutar gida halala 18 ne (halala ita ce kwabon riyal) kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura haka kuma halala 30, saboda haka takardar wutar watan Yuli ba ta kama da ta Janairu. Man fetur ya fi araha in an kwatanta da ƙasashe da yawa, amma an gina biranen ne don masu mota, kuma iyalin da ba su da ita sukan zuba kuɗi a tasi. Tun watan Yunin 2018 mata na da izinin tuƙi, jirgin ƙasan cikin birnin Riyadh kuma ya fara aiki a watan Disambar 2024. A kasuwa, harajin saye da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 ya koma kashi 15 a watan Yulin 2020. Shinkafa, kaza, burodi da dabino ba su da tsada. Kayan miyar gida irin su kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa sun fi samuwa a Makka da Jidda, inda Hausawa suka daɗe da zama, amma farashinsu ba na kasuwar Dawanau ba ne.

Karatun yara shi ne ɗaya babban ramin kuɗin. Makarantun gwamnati da Larabci suke koyarwa, kuma 'yan ƙasa ake fara bai wa gurbi. Iyayen da ke son yaro ya dawo ya rubuta WAEC ko NECO, ko ya ci gaba da tsarin Faransanci na Nijar, sukan nemi makarantun kuɗi na ƙasa da ƙasa, inda ake biyan dubban riyal ga kowane yaro a shekara, ban da kuɗin mota, yunifom da littattafai. Ta ɓangaren lafiya akwai sauƙi, domin doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci da iyalinsa inshora. Amma inshorar hawa-hawa ce, kuma matakin da aka ba mutum shi ke nuna asibitocin da zai iya zuwa da abin da zai cika daga aljihunsa.

Akwai ƙa'idojin da iyali ke buƙatar sani tun suna gida. Matar da ta zo a matsayin 'yar rakiya ba ta da izinin aiki sai an bi hanyar da hukuma ta tsara, don haka ba a gina lissafi a kan albashi biyu. Haihuwa a Saudiyya ba ta bai wa ɗan baƙo zama ɗan ƙasa. Sai an yi masa takardar haihuwa, a karɓo fasfo daga ofishin jakadanci a Riyadh ko ƙaramin ofishi a Jidda, a fitar masa da igama, shi ma ya shiga lissafin kuɗin kai. Takardun aure, na haihuwa da na karatu suna buƙatar fassara zuwa Larabci da tantancewa kafin tafiya, ma'aikatan lafiya kuma sai sun samu rajistar hukumar da ke kula da sana'o'in lafiya ta ƙasar. Bizar Umara ba ta aiki ba ce, kuma wanda ya maƙale da ita ƙarshensa kamu da tiso ƙeya. Doka ta hana kafili riƙe fasfon ma'aikaci. Sauye-sauyen watan Maris na 2021 sun bai wa ma'aikatan kamfanoni damar neman bizar fita da dawowa da kansu ta manhajar Absher, da canza wurin aiki bisa sharuɗɗa, amma ba su haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba. Sannan ba a karɓar saƙon da ba a san abin da ke ciki ba a filin jirgi, domin hukuncin safarar ƙwaya a ƙasar yakan kai ga kisa.

Daga ƙarshe, zaman baƙo a Saudiyya a ɗaure yake da aikinsa. Ran da aiki ya ƙare ba a samu wani ba, igamar maigida da ta iyalinsa duka sun ƙare, kuma shirin fifita 'yan ƙasa a guraben aiki, wanda ake kira Nitaƙat tun 2011, kan rufe wasu sana'o'i ga baƙi lokaci zuwa lokaci. Babu fansho ga ma'aikacin ƙetare. Abin da doka ta tanada shi ne kuɗin sallama: rabin albashin wata ga kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan haka. Mai albashin riyal 8,000 da ya yi shekara bakwai zai tashi da 36,000. In shi ya ajiye aikin da kansa, kashi biyu cikin uku zai samu, wato 24,000, wanda ya ajiye bai cika shekara biyu ba kuwa ba shi da komai.

Saboda haka iyalai kan zaɓi ɗaya cikin hanyoyi biyu, daidai ruwa daidai tsaki. Masu kwantiragin iyali da albashi mai kauri sukan tare gaba ɗaya. Waɗanda lissafinsu bai kai ba sukan bar yara a makarantunsu na gida, su riƙa kawo iyali da bizar ziyara lokacin hutu. Kowace aka bi, ana ware abin aika wa dangi tun farkon wata, a kuma ware na ajiya daban, domin gida, fili ko jarin da aka kafa a ƙasar haihuwa shi ne zai tsaya a madadin fansho bayan an karɓi bizar fita ta ƙarshe.