Motarka ce ta tashi, ko naira ce ta faɗi?

Tun daga 2023 wata magana ta kama bakin mutane a tasha da majalisun hira, daga Gwandu har Kalgo: wai mota yanzu kadara ce, ka saya ka hau, shekara ta zagayo ka sayar da riba. Dillalai ne suka fi yaɗa ta, matasa kuma suna kafa hujja da bidiyon TikTok na motocin Turai da kuɗinsu ya ninka ba adadi. Kafin manomi ya juye kuɗin shinkafarsa ko na albasa a kan wannan zance, ya kamata ya san iyakar gaskiyarsa.

Akwai motocin da suke ƙara tsada bayan fitowarsu, wannan ba ƙarya ba ne. Kamfanin Ferrari na Italiya ya ƙera samfurin 250 GTO guda 36 kacal tsakanin 1962 da 1964, kowace a kan kimanin dala 18,000. A 2018 an yi gwanjon ɗaya a Amurka, ta tashi dala miliyan 48.4. McLaren F1 ta Ingila kuwa guda 106 aka yi daga 1992 zuwa 1998, kuma a 2021 an sayar da ɗaya sama da dala miliyan 20. Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, wannan motar ba ta yi tafiyar kilomita 400 ba tun da aka ƙera ta. Direban da ya je Sakkwato daga Birnin Kebbi ya dawo sau biyu ya wuce haka nesa. Ajiye ta aka yi a ɗaki, ana shafe mata ƙura. An daina yin irinta, attajiran da ke nemanta sun fi motocin yawa, shi ya sa ake rububi.

Ko a cikin waɗannan motoci ma, ba kowace ke cin kasuwa ba. A 1988 kamfanin Jaguar ya nuna wata mota mai suna XJ220, masu kuɗi suka yi layi, kowa ya ajiye fam 50,000 na kafin alƙalami, da yawansu da niyyar su karɓa su sayar. Da ta fito a 1992 kuɗinta ya kai fam 470,000, an sauya mata inji daga mai silinda 12 zuwa mai 6, tattalin arzikin duniya kuma ya tsuke. Masu ajiya suka fara ja da baya, har aka kai ga kotu. Ba a yi 300 ba aka tsaya, waɗanda suka yi kwantai daga baya aka sallamar da su ƙasa da rabin kuɗinsu.

Sannan ba kowa ake sayar wa ba. Kamfanin Ford da kansa ya riƙa zaɓen waɗanda zai ba samfurin GT na 2017, da sharaɗin kada a sayar sai bayan shekara biyu, har ya maka ɗan kokawar nan John Cena a kotu saboda ya saɓa. Don haka duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp wai ka zuba dubu hamsin ka samu kaso a irin wannan mota, ka tuna da abin da shirin zuba kuɗin nan na MMM ya yi wa jama'a a ƙarshen 2016.

To, me ya sa 'yar Kwatanon maƙwabcinka ta tashi? A ce ya sayi Corolla naira miliyan 4 a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Motar ta tsaya masa kusan dala 5,300 ke nan. A 2024, dala tana wajen 1,500, aka taya ta miliyan 7, ya sallama yana murna ya ci miliyan 3. Mayar da kuɗin dala, bai kai 4,700 ba. Ya koma wurin dillali neman irinta, sai an ce masa ya ciko. Ba a ma lissafa tayoyi huɗu da ya sauya ba, da batir, da kuɗin bakanike, da la'adar dillali, da fentin da aka sake bayan wani ɗan acaba ya goge mata ƙofa. Tun da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, komai da ake shigowa da shi ya tashi, har taki da injin ban ruwa. Mota ta bi sahu ne kawai, kuma ta fi sauran tsufa da wuri. Saniya tana ci tana haihuwa, mota ci kawai take yi.

Wannan lissafi yana iya juyawa. Ranar da naira ta ɗan farfaɗo, wanda ya saya da tsada shi ne zai riƙa jin tayin da ba ya son ji. Cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ma ya nuna yadda kasuwa ke sauya fuska: manyan motoci masu shan mai suka yi nauyin fita, masu saye suka koma kan ƙanana.

Ba wanda ya ce kada a sayi mota. Mai ɗaukar fasinja tsakanin Kalgo, Jega da Birnin Kebbi, ko mai kwasar ɗaliban jami'ar tarayya da ke kan hanyar Bunza, daga aikin motar yake samu, idan ya iya ware kuɗin gyara kullum. Wanda zai saya ya kafe a ƙofar gida yana jiran ta yi tsada ne ake jiye wa.

Akwai kuma maganar takarda, wadda ta fi damun mu da ke kusa da iyaka. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, amma masu fasa-ƙwauri ba su daina bin daji ba. Irin wannan mota takan zo da araha mai jan hankali, da takardar kwastan ta bogi ko babu ita sam. A shingen bincike ɗaya za a iya raba ka da ita, kuma mai saye da ya waye ba zai ko taya ba. Kafin ka ba da kafin alƙalami, kwafi lambar jikin motar da hannunka, ka gwada ta da wadda ke cikin takardu, ka kai ofishin kwastan na Birnin Kebbi a tabbatar maka an biya harajinta, kuma bakanikenka ne zai duba inji, ba na dillali ba.