Kafin A Sayi Zarton Yi Wa Katako Ado

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, manomi yakan sami watanni ba aikin gona. Wasu sukan tafi cin rani birni. Wasu kuma sukan zauna gida su kama ɗan aikin hannu. Cikin masu zama gida akwai masu sha'awar aikin katako. Ba kafintoci ba ne na sosai. Mutane ne da in sun sami sarari sukan yi wa yara motar wasa, ko su yi wa madubin uwargida firam mai furanni, ko su yanka haruffan da za a manna a allon shago.

Zarton kafinta na yau da kullum ba ya yin irin wannan aiki. Faɗi gare shi, a miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana. Gizagon masassaƙi kuma yana fitar da turmi da akushi, amma ba zai fitar da harafin B da ramukansa biyu a jikin siririn katako ba. Wannan aikin zarto ne mai siririn ruwa, kamar tsinken tsintsiya. Ruwan zarto shi ne ƙarfen nan mai haƙora wanda ke yin yankan.

Irin wannan zarto akwai na inji, akwai na hannu. Na injin Turawa suna kiransa sukurol so. Ba arha ne da shi ba, ko da an ce mai arha ne. Mutum zai sayar da hatsi ko akuya kafin ya saye shi. Saboda haka ya kamata ya san abin da zai duba tun kafin ya hau mota zuwa Sabon Gari a Kano ko Panteka a Kaduna.

Yadda injin yake

Wanda ya san keken ɗinki ya kusa sanin wannan inji. Yana da faranti na ƙarfe inda ake ɗora katako. Yana da hannu a sama. A inda allura take a keken ɗinki, nan ruwan zarton yake, an ɗaure shi sama da ƙasa. Idan an kunna, sai ya riƙa hawa da sauka. Mai aiki ba ya tura zarto. Katakon yake juyawa da hannu biyu, yana bin zanen da ya yi da fensir.

Masu arha yawanci ana rubuta musu inci 16. Wannan shi ne nisan da ke tsakanin ruwan zarto da gindin hannun injin, wato kamar santimita 40. Akwai masu inci 20 ko fiye, amma kuɗinsu ya ninka. Mai yin aiki jefi-jefi ba ya bukatarsu.

A jikin kwali akan rubuta cewa injin yana yanka katako mai kaurin santimita 5. Zai yanka, amma da ƙyar, yana nishi. Inda yake jin daɗin aiki shi ne katakon da bai kai santimita 2 ba. Wanda ke son yanka manyan kwanoni a allon gado ko ƙofa, ba wannan ne injinsa ba. Nasa shi ne jigso, wanda ake riƙewa a hannu a bi da shi kan katako. Jigso ya fi yawa a kasuwa, kuma wani ɗan kasuwa zai miƙo shi ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Jigso ba ya fitar da ƙananan furanni.

A fara duba wuta

Kowane inji yana da ɗan ƙarfe ko takarda a manne a jikinsa, mai lambobi. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar ta 220 zuwa 240 ce. Idan an ga 220V ko 230V ko 240V, to ya dace. Idan an ga 110V ko 120V, wannan na Amurka ne. Da an sa shi a wutarmu kai tsaye sai kwayil ya ƙone, kuɗi sun tafi. Ana yawan samun irinsu cikin kayan gwanjo, da kyan gani da sauƙin kuɗi. Ana iya amfani da su in an sayi ƙaramar taransifoma mai rage wuta, amma wannan wani kuɗin ne kuma.

Injin ba ya shan wuta da yawa. Yawancin masu arha wat 85 zuwa 125 suke ci. Ƙaramin janareta zai ɗauke shi ba wahala, haka ma sola mai inbata. Sai dai a lura da abu ɗaya. Wasu suna da maɓallin rage gudu da ƙara gudu, daga kamar hawa da sauka 500 zuwa 1,600 a minti ɗaya. Wannan yana da amfani ga sabon hannu, don zai rage gudu har ya saba. To amma maɓallin yana aiki ne da wani ɗan faifan lantarki a ciki, kuma wutar da ke hauhawa tana faɗuwa ita ce ajalinsa. In ya ƙone, samun wani a karkara da wuya. Inji mai gudu ɗaya ko biyu ba shi da wannan faifan, kuma mai naɗin kwayil na garin kasuwa zai iya taɓa shi. Wanda janaretansa ke tari, gara ya ɗauki wannan.

Maganar ruwan zarto

Nan ne mutane da yawa suke yin asara. Ruwan wannan zarto siriri ne, tsawonsa inci 5, kamar santimita 13. Yana dakushewa, yana kuma karyewa. Ba laifin mai aiki ba ne kullum, haka halittarsa take. Shi ya sa ake sayar da shi dozin-dozin. Inji ba ruwan zarto kuwa ƙarfe ne kawai a ajiye a ɗaki. Saboda haka tambayar farko ga mai kaya ita ce: ina ake samun ruwansa? Ya fito da su a gani da ido. In ya ce za su zo wata mai zuwa, sai a haƙura da cinikin.

Ruwan iri biyu ne. Akwai mai ɗan kunne a kowane baki, wanda ake maƙalawa kamar ƙugiya. Saka shi ba wuya, kuma ya fi ƙwari. Akwai maras kunne, wanda ake matsewa da noti. Bambancinsu yana fitowa ne idan za a yanka rami a tsakiyar katako, kamar cikin harafin O. Sai an fara huda katakon, a zura ruwan ta cikin hudar, a sake ɗaure shi. Mai kunne yana bukatar huda mai faɗin kamar milimita 5. Maras kunne yana shiga hudar da ba ta fi milimita 1 ko 2 ba. Don haka ado mai ƙananan ramuka sai maras kunne. Inji mafi dacewa shi ne wanda ke karɓar duka biyun. Wasu suna zuwa da 'yan ƙarafa biyu na matse maras kunne. A tabbata suna cikin kwalin, don su ne suka fi saurin ɓata a kayan gwanjo.

Maras kunne yana da lamba. Idan lambar ta ƙaru, kaurin ruwan ya ƙaru. Lamba 5 tana yin yawancin aiki. Lamba 2 ko 3 ta siririn filawud ce, lamba 7 ko 9 ta katako mai kauri. Wajen sakawa, haƙoran su dubi mai aiki, bakinsu kuma ya dubi ƙasa. In an juya su sama, katakon zai riƙa tsalle a hannu.

Gwaji a gaban mai kaya

Kada a biya sai an kunna. Mai saye ya tafi da guntun katako da ƙusa ɗaya a aljihu. A ɗora ƙusar a kan farantin, a kunna injin. In ta ɗan motsa kawai, ba komai. In ta kama tafiya har ta faɗo, injin yana girgiza da yawa, kuma bin zane a kansa zai zama wahala. Mai gindin ƙarfe mai nauyi ya fi zama daram. A duba ko gindin yana da ramukan ɗaure shi a jikin benci.

Sannan a duba ruwan yana aiki. Ya kamata a gan shi kamar layi ɗaya siriri. In ya yi faɗi kamar inuwa, yana lilo gefe da gefe, hannun injin ya saki.

Gwaji na ƙarshe shi ne na guntun katakon. A ɗan yanka shi kaɗan, a kashe injin. A zagayo da katakon ta bayan ruwan, ba tare da an kife shi ba, a gwada shigar da ruwan cikin wannan yankan. In ya shiga salin alin, farantin yana daidai. In ya ƙi, farantin ya karkace. Ana iya gyara wannan da notin da ke ƙarƙashinsa, amma a gyara nan take a gani. A karɓi rasiɗi mai sunan shago.

Wanda ba shi da wuta

Ƙauyuka da yawa ba su da wuta, janareta kuma yana cin mai. Ga irin wannan mutum zarton hannu shi ne gaskiyar magana, har ma ga wanda zai yi aikin sau huɗu ko biyar a shekara. Siffarsa kamar baka, da mariƙi na katako. Ƙaramin yana da zurfin kamar santimita 12, kuma ruwansa mai kunne ne. Dogon yana kai santimita 30, yana ɗaukar siririn ruwa maras kunne. Kuɗin inji ɗaya zai sayi irinsu da yawa, da dozin-dozin na ruwa. Abin da ake ƙara masa shi ne ɗan falanki da aka yanke wa baki kamar harafin V, a ɗaure shi a gefen tebur. A kansa ake ɗora aikin. Mai aiki ya zauna ƙasa-ƙasa, mariƙin yana ƙarƙashi, yana ja sama da ƙasa. Ya fi inji jinkiri, amma adon da yake fitarwa ɗaya ne.

Akwai kuma na takawa da ƙafa. A shekarun 1870 kamfanin Barnes na Amurka yana ƙera irinsu, tun kafin wutar lantarki ta shiga gidaje. Har yanzu wasu suna haɗa nasu da ƙafafun tsohon keken ɗinki. Mai walda mai basira zai gane yadda abin yake in ya ga na injin sau ɗaya.

Ko da wanne aka saya, a fara koyo da guntayen filawud mai milimita 6, ko busasshen malaina. Ana samun guntaye da arha wajen kafintoci, ko a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Ƙirya da aduwa suna da tauri, suna cinye ruwan zarto, a bar su sai hannu ya faɗa. Tsohon katakon akwati a bincika shi da kyau, ƙusa ɗaya ta isa ta karya ruwa. Garin katako, musamman na maɗaci, yana sa tari da ƙaiƙayin ido, don haka a yi aikin a zaure ko gindin bishiya, a rufe hanci da ƙyalle. A naɗe hannun riga. In an tashi, a zare wayar injin daga wuta, a rataye ta inda hannun yara ba ya kaiwa.