Hauhawar Farashi da Sauyin Matsayin Masu Ƙididdigar Kuɗin Gini a Nijeriya

Ƙididdigar kuɗin gini sana'a ce ta auna duk abin da gini zai ci, tun daga haƙar harsashi har zuwa fenti, ta hanyar fitar da adadin siminti da rodi da bulo da katako da ladan ma'aikata daga zanen gini, sannan a sanya wa kowanne farashi. Sana'ar ta samo asali ne daga Birtaniya, kuma 'yan Nijeriya da suka koyo ta a can ne suka kafa ƙungiyarta ta ƙasa, wato NIQS, a shekarar 1969, kafin doka mai lamba 31 ta shekarar 1986 ta samar da hukumar QSRBN mai yi wa masu sana'ar rajista. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana cikin cibiyoyin farko da suka koyar da fannin, kuma a yau ana karanta shi a wurare irin su Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Fasaha ta Minna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne, aikin da a da ya fi karkata ga awo da lissafi ya koma na hasashe da tsaron dukiyar mai gini, kuma babban dalilin hakan shi ne rashin tsayuwar farashi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, dala da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti da ake saye a wajen naira 5,000 ya kai 10,000 ko fiye a wasu garuruwa, hauhawar farashi kuwa ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Ko da yake ana sarrafa siminti a cikin gida, a Obajana da Sakkwato da Ashaka, kuɗin makamashi da na dakon kaya da na kayan gyaran injuna duk suna bin dala, balle tayil da wayar lantarki da kayan famfo da akasarinsu daga waje ake shigo da su.

A irin wannan yanayi, kundin adadin kaya da aiki, wato takardar da ke jera kowane ɓangare na gini da yawansa da farashinsa domin 'yan kwangila su yi takara a kan ma'auni ɗaya, yakan tsufa kafin a sa hannu a yarjejeniya. Saboda haka darajar mai ƙididdiga ta koma ga abubuwan da a da ba a cika kula da su ba: sharaɗin sauyin farashi, wanda ke fayyace wanda zai ɗauki nauyin ƙarin kuɗi idan kaya suka tashi ana tsakiyar aiki, da kuɗin ko-ta-kwana da ake warewa, da kuma ƙimanta aikin da aka kammala a kowane mataki kafin a biya ɗan kwangila. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, domin a nan ne ake hana biyan aikin da ba a yi ba, kuma a nan ne ake kare ɗan kwangila na gaskiya daga karyewa idan biya ya yi jinkiri alhali kuɗin yana zubar da daraja. Wani kwamiti da gwamnatin tarayya ta kafa ya bayar da rahoto a 2011 cewa ayyukanta fiye da 11,000 ne ba a kammala ba, kuma fara aiki ba tare da sanin haƙiƙanin kuɗinsa ba yana cikin tushen wannan ɓarna.

Sai dai ƙaruwar buƙata ba ta zama ƙaruwar aiki kai tsaye ba. Mafi yawan gidajen da ake ginawa a Kano ko Katsina, mai gida da birkila ne ke yanke kuɗinsu da baki, ana sayen kaya gwargwadon abin da ya shigo hannu, kuma biyan ƙwararre domin ya yi lissafi kawai yakan zama kamar ɓarnar kuɗi a idon mai gida, duk da cewa gine-ginen da suka tsaya a linta shekara da shekaru suna nuna tsadar rashin lissafin. A ayyukan gwamnati ma, duk da dokar sayen kaya da bayar da kwangila ta 2007, sau da yawa ana kiran mai ƙididdiga ne bayan an gama zane, lokacin da damar rage kuɗi ta riga ta wuce, alhali tsara kuɗin gini yana nufin a raba kasafin a kan sassan ginin tun zanen yana ɗanye. Manyan hanyoyi da gadoji kuwa, inda kuɗi ya fi yawa, injiniyoyi ne suka saba shirya takardun awonsu, kuma wannan tsohuwar taƙaddama ce tsakanin ɓangarorin biyu.

Tasirin wannan a kan matashin da ya zaɓi fannin a bayyane yake. Digiri ko babbar difloma da rajista bayan shekarun horo sun zama matakin farko kawai, domin wanda ake nema yanzu shi ne wanda ya san dokar kwangila, ya iya manhajojin da ke ciro adadi daga zanen kwamfuta, kuma yake bin kasuwar kayan gini da ƙafarsa. Waɗanda suka haɗa waɗannan, musamman idan suka samu shaidar ƙungiyar RICS ta Birtaniya, sukan samu ƙofa a Ingila da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda ake biya da kuɗi mai ƙarfi, wanda hakan ke nufin faɗuwar nairar da ta ƙara wa sana'ar muhimmanci a gida ita ce kuma take kwashe ƙwararrunta zuwa waje, ta bar ma'aikatun ayyuka na jihohi da ƙarancin masu duba takardun 'yan kwangila.